Marie Curie, Matar da Ta Gano Radiyam

Uwargida, in an taɓa turo ki daga Ɗambatta ko Bichi zuwa Asibitin Murtala don hoton ƙirji, kin ga ma'aikacin yana komawa bayan kariya kafin ya danna na'ura. Tarihin wannan mata zai gaya miki dalili.

An haifi Marie a birnin Warso na ƙasar Folan a 1867. Gidansu na malamai ne, amma babu kuɗi. Sai da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali a ƙauye, tana aika wa yayarta kuɗin karatu, kafin ita ma ta tafi jami'a a Faris a 1891. 'Yammata, ku lura, tana da shekara 24 a lokacin.

Ita da mijinta Pierre suka duƙufa kan dutsen yuraniyam, watau ma'adinin nan da aka fara haƙa a Arlit ta Nijar a 1971. Dutsen yana fitar da wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa jiki. A 1898 suka gano radiyam a cikinsa. Shekara huɗu tana dafa tarin dutse a tukunyar ƙarfe, tana juyawa da sanda kamar mai tuƙa tuwon biki, abin da ta tace kuwa bai kai ƙwayar dawa goma nauyi ba. Ta sami lambar Nobel a 1903, ta sake samu a 1911, bayan keken doki ya take mijinta a 1906.

Allah sarki, a zamanin ba a san iyakar haɗarin ba. Da hannu take ɗaukar radiyam, har yatsunta suka ƙone. A Yaƙin Duniya na Farko ta shirya motoci 20 masu ɗaukar hoto, ita da 'yarta Irène suna duba sojoji ba tare da isasshiyar kariya ba.

Shi wannan haske, ɓarnarsa tana bin yawansa ne. Hoton ƙirji guda bai wuce abin da jikinki ke samu daga ƙasa da sama cikin kwana 10 ba, saboda haka kada tsoro ya hana ki, sai dai in kina da juna biyu ki faɗa tukuna. Mai yawa, in an saita shi kan ƙari kaɗai, yana kashe sankara, kamar yadda ake yi a Shika. Wanda ake sha kullum shekara da shekaru kuwa, ɓargo yake ci, inda jini ke samuwa.

Nan ya kama Marie. Yana ta rufe mata ido, ɓargonta ya daina yin jini, ta rasu a 1934 tana da shekara 66. Irène ta bi ta a 1956 da sankarar jini. Ƙanwarta Ève, wadda ta zaɓi rubutu da kiɗa, ta kai shekara 102.

Littattafan aikinta suna nan a Faris cikin akwatunan dalma, don radiyam ɗin da ya taɓa su sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.