Dorugu, Yaron da Aka Kama a Yaƙi

A cikin mutanen da Allah ya yi aiki da su har Maganarsa ta shiga harshen Hausa, akwai wani yaro da aka kama a yaƙi, aka kai shi kasuwa aka sayar. Sunansa Dorugu. Mu da mu ke buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa a Jalingo da sauran garuruwan ƙasar Binuwai muna cin amfanin wahalarsa, ya kamata kuwa mu san labarinsa. Kafin a shiga darasin, sai mai jagora ya sa a karanta Farawa sura 37 da sura 45, da kuma 2 Sarakuna sura 5.

Kamunsa

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, watau cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Ubansa manomi ne. A zamanin nan Damagaram tana bin Barno, hare-hare kuwa ba su yankewa, gama bawa kuɗi ne: da shi a ke biyan bashi, da shi a ke kai gaisuwa ga manya. Wani Bature mai suna James Richardson, wanda ya sauka a Zindar a farkon 1851, ya ga yadda a ke shigowa da kamammu cikin gari, har ya rubuta cewa waɗansunsu talakawan sarkin ne da kansa. Cikin irin wannan hari aka kama Dorugu, bai wuce shekara 12 ba. Aka raba shi da gida, aka kai shi Zindar, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno, ya zama bawan wani Balarabe.

Mu lura, waɗanda suka kama shi ba daga hayin teku suka zo ba. Mutanen ƙasar ne, maƙwabta, kamar yadda 'yan'uwan Yusufu ne suka ɗaga shi daga rami suka miƙa wa fatake.

Fansarsa da tafiyarsa

A 1850 gwamnatin Ingila ta aiko Richardson tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka taso daga Tarabulus domin su binciki ƙasashen nan, su kuma nemi hanyar ciniki da za ta maye gurbin cinikin bayi. Richardson ya mutu a watan Maris na 1851, bai kai Kukawa ba. Overweg ne ya fanshi Dorugu, shi da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su, suka zauna suna yi masa aiki. Amma a watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, bakin Tafkin Cadi, yana da shekara 30. Da ba a sami mai riƙe su ba, da ba wuya a sake kama su, gama yaro baƙo marar kowa ba ya daɗewa da 'yanci a ƙasar da a ke farautar mutane. Sai Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ɗauke su.

Suka bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, suka shiga Zindar ran 25 ga Disamba. Garin da Dorugu ya shiga yana ganimar yaƙi, ga shi ya sake shigarsa yana 'yantacce. Suka bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sai, suka isa Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853. A can al'amari ya juya, maigida ne ya zama kamar ɗan kurkuku. Masu mulkin Hamdallahi suka nemi a ba da Barth a hannunsu, ya yi wata 8 ba shi da ikon tafiya, ransa a bakin takobi. Shehu Ahmadu al-Bakkay, babban malamin Musulunci na garin, shi ne ya tsaya masa, ya jawo wa kansa fushin masu iko saboda baƙo Kirista, har ya raka shi ya fita lafiya a 1854. Duk wannan haɗari yaran nan biyu suna tare da maigidansu.

A wannan shekara ce jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hau Binuwai yana neman labarin Barth, Likita William Baikie ne shugaban tafiyar. Suka zo har ƙasar Muri, suka ziyarci Hamaruwa. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma a yaƙi aka kama shi a 1821, bai sake ganin uwarsa ba sai bayan shekara 25.

A 1855 Barth ya ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Wannan ita ce hanyar da a ke kora bayi daga Barno, matafiya kuwa sun sha ba da labarin ƙasusuwan mutane a bakin rijiyoyinta. Dorugu ya bi ta a raye, ba sarƙa a wuyansa, alhali kuwa tsararrakinsa da yawa sun bi ta ba su kai ba. Ba don ya fi su kirki ya tsira ba.

A gidan Malam Schön

Suka isa Landan a watan Satumba na 1855. Barth ya kai su Jamus, aka yi ta kallonsu, sa'an nan ya shirya a mai da su gida. A nan ne James Frederick Schön ya shigo. Shi Bajamushe ne, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta C.M.S., ya fara koyon Hausa a Saliyo daga bakin bayin da aka 'yanta, ya kuma bi jiragen da suka hau Kwara a 1841 tare da Crowther. Ya daɗe yana neman Bahaushe na asali da zai zauna da shi, saboda haka ya shawo kan samarin suka tsaya a gidansa a Chatham. Barth ya ji haushi ƙwarai, gama shi ne ya ɗauki nauyin mai da su, jayayya kuwa ta shiga tsakanin mutanen nan biyu. Kowannensu yana ƙaunar yaron, kowannensu kuma yana da bukatarsa a wurinsa. Haka ƙaunar ɗan Adam ta ke, da wuya a same ta ba gauraye da son kai.

Aka yi wa samarin baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya koma a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya zauna wajen shekara 8, Schön yana tambaya yana rubutawa. A cikin shekarun nan aka buga Bisharar Matta da Hausa a 1857, Farawa a 1858, Fitowa a 1859. Mu yi tunani: yaron da aka sayar, shi ne a gidan sa'ad da a ke neman kalmomin Hausa da za a faɗi yadda aka sayar da Yusufu, da yadda Ubangiji ya ji kukan bayi a Masar. Littafin nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880. A 1885 kuma aka buga Magana Hausa, inda labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa ya ke, yadda ya faɗa da bakinsa. Sunan Schön ne a bayan littattafan, amma Hausar da ke ciki, da yawanta daga bakin Dorugu ta fito. Waɗansu suka ɗora a kan wannan harsashi, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. Da tsufansa ya yi aiki a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912.

Abin da mu ke koya

Yarinyar nan ta Isra'ila da mayaƙan Suriya suka kamo tana da dalilin yin shiru ta bar kuturta ta cinye Na'aman, amma ta nuna masa inda zai warke. Dorugu ma abin da ba a iya ƙwace masa ba, watau harshen uwarsa, shi ya bayar, ya zama albarka ga jikokin waɗanda aka kama da jikokin waɗanda suka kama. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Amma kada mu ce tun da ƙarshen ya yi kyau, kamun ba laifi ba ne. Yusufu ya gafarta wa 'yan'uwansa, duk da haka ya kira abin da suka yi mugunta. Su kuma alhakin ya bi su fiye da shekara 20, sai da suka furta shi suka sami hutawa, kamar yadda mu ke gani a Farawa sura 42 da sura 50.

Wannan magana ta shafe mu a gida. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya, da taimakon bindigogin wani Bafaranshe mai suna Mizon, ya ci Kona da yaƙi, aka kama mutane da yawa, a 1893 kuma aka kafa Jalingo. Jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yansu suna zama a aji ɗaya. A zamaninmu kuma akwai waɗanda masu garkuwa da mutane suka tsare, suka komo gida suna jin nauyi a zuciya domin sun tsira sun bar waɗansu a daji. Irin waɗannan suna bukatar ikilisiya ta saurare su da haƙuri, ta kuma tuna musu cewa alhakin yana kan wanda ya kama, ba a kan wanda ya tsira ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta wace hanya labarin Dorugu ya yi kama da na Yusufu, ina kuma suka bambanta?
2. Overweg da Barth da Schön duk sun taimaki Dorugu. Yaya za mu gane sa'ad da taimakonmu ya soma zama mallaka?
3. Me mu ke koya game da maƙwabci daga abin da Shehu al-Bakkay ya yi wa Barth?
4. Wa ke cikinmu da ya komo daga hannun masu kamu, me kuma za mu yi masa a wannan mako?

A rufe da addu'a domin waɗanda ke tsare har yanzu, da iyalansu, da kuma waɗanda ke tsare da su, Ubangiji ya ba su tuba.