Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Lissafin da Ya Rasu a Alƙahira

Ɗalibin da ke ratsawa ta Ƙofar Marusa kowace safiya da littafin lissafi a jaka, da wuya ya san cewa birninsa ya taɓa fitar da masanin da malaman Misira suka zauna a gabansa suna ɗaukar karatu. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke rubuta nisbarsa al-Kishnawi.

Ya taso a Katsinar da Ɗan Marina da Ɗan Masani suka bar wa gadon ilimi. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi. Daga baya ya kama hanyar aikin Hajji, ya zauna a ƙasa mai tsarki, sannan ya sauka Alƙahira. Ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne littafin Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a shekarar 1145 ta Hijira, kan ilimin haruffa da wafaƙi, wato abin da Bahaushe ke kira hatimi.

Mai karatu ya gwada da kansa. A zana gida tara, uku-uku, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Lambobin duka sun tashi 45, layukan kwance kuwa uku ne, ke nan kowanne 15. To wace lamba ce za ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiyar da suka taɓa sau huɗu. Rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ta fito ne daga ƙirga shi sau uku fiye da kima, don haka dole ya zama 5. Babu canki a ciki, hujja ce tsagwaronta. Shehun ya wuce nan nesa: ya bayyana ƙa'idojin cika hatimai masu gidajen mara, irin mai biyar-biyar wanda kowane layinsa ke ba da 65.

Akwai inda ya kamata a yi hattara. A zamaninsa ilimin wafaƙi a haɗe yake da taurari da asirai, kuma ɗaya littafinsa, Durrul Manzum, ya gina shi ne kan wani littafin sirri da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Malamai da yawa sun yi inkarin wannan fanni, kuma inkarin nasu yana da madogara. Sai dai kuskure ne a haɗa a watsar har da lissafin, domin ƙa'idar da ta ajiye 5 a tsakiya ba ta da alaƙa da duba.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, masanin falaki, wanda ya karanci wafaƙi a wurinsa. A wannan gida ajali ya riske shi a 1154 ta Hijira, daidai da 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar, shi ya rubuta tarihinsa a cikin Aja'ibul Asar. Allah Ya jiƙansa da rahama.