Thierry Sabine

Thierry Sabine (an haife shi ranar 13 ga watan Yuni, 1949, ya mutu ranar 14 ga watan Janairu, 1986) ɗan ƙasar Faransa ne, ɗan wasan tseren mota da babur, wanda daga baya ya koma mai shirya gasa. Shi ne ya kafa tseren Paris-Dakar, wanda ya riƙa ratsa hamadar Sahara duk watan Janairu, sau da yawa ta Jamhuriyar Nijar. An san shi da fita da kansa neman ’yan tseren da suka ɓata a hamada. An kuma soki gasarsa saboda rayukan da ta ci, har da na mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya. Ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali yana da shekara 36.

Farkon rayuwa

An haifi Sabine a Neuilly-sur-Seine, kusa da birnin Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha’awar tseren mota. Tun yana yaro ya fara da hawan doki, sannan ya koma tseren mota a ƙarshen shekarun 1960. Ya yi karatu a makarantar horar da jami’an hulɗa da ’yan jarida ta EFAP da ke Paris, kuma wannan karatu ya yi masa rana daga baya, domin ya iya jawo hankalin gidajen rediyo da talabijin zuwa ga duk abin da ya shirya. Ya shiga gasar sa’o’i 24 ta Le Mans sau uku, daga 1975 zuwa 1977, a cikin motar Porsche.

Gasar farko da ya shirya ita ce ta babura a kan rairayin bakin teku a garin Le Touquet, a arewacin Faransa. Garin na masu yawon shan iska ne, kuma da sanyi ya shigo sai ya zama kamar an yi shara. Sabine ya kai wa magajin garin, Léonce Deprez, shawarar a yi tsere a tsakiyar hunturu don a jawo baƙi. An yi na farko a watan Fabrairu na 1975 da mahaya 286. Har yanzu ana yin gasar, da sunan Enduropale.

Ɓata a hamada

A watan Janairu na 1977 Sabine ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice, wanda Jean-Claude Bertrand ya shirya, a kan babur ƙirar Yamaha XT 500. A zangon da ke tsakanin Dirku da Madama, a can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar kusa da iyakar Libiya, ya saki hanya. Ya kwashe kimanin kwana uku shi kaɗai, ruwansa ya ƙare, babu inuwa, babu wanda zai tambaya. Wani ƙaramin jirgin sama ne ya hango alamar da ya jera da duwatsu, aka ɗauke shi a galabaice.

Wani da ya sha irin wannan wuya da ya yi sallama da hamada ke nan. Shi kuwa ya koma gida da niyyar kai wasu wurin. Ya kafa kamfaninsa, Thierry Sabine Organisation, ya shiga neman masu ɗaukar nauyi.

Tseren Paris-Dakar

An tashi tseren farko ranar 26 ga watan Disamba, 1978, daga dandalin Trocadéro a Paris, da ababen hawa 182. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 10,000. An tsallaka teku da jirgin ruwa zuwa Aljeriya, aka bi ta Tamanrasset, aka shiga Nijar ta Assamaka, sai Arlit, Agadas, Tawa da Yamai, sannan aka nufi Gao da Bamako a Mali. Ababen hawa 74 ne suka isa Dakar ranar 14 ga watan Janairu, 1979. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur irin wanda Sabine ya ɓata da shi.

Yawancin waɗanda suka shiga a farkon ba ƙwararru ba ne. Akwai masu ƙananan motocin gida da suka ɗan gyara, akwai masu baburan da ba su taɓa ganin rairayi ba. Babu na’urar tauraron ɗan’adam a lokacin, sai kamfas da littafin hanya da masu shirya gasar suke rabawa. A 1980 aka ware rukunin manyan motoci, kuma motar Sonacome ƙirar Aljeriya ce ta lashe shi.

Abin da ya kai sunan gasar duniya ya faru ne a 1982, lokacin da Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, ya ɓata a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Sai bayan kwana shida jirgin sojan Aljeriya ya gano su. Daga nan manyan kamfanonin mota da fitattun direbobi suka fara tururuwa. Jacky Ickx ya yi nasara a 1983 da Mercedes, René Metge kuma ya ci a 1984 da Porsche.

Nijar da Tenere

Nijar ce zuciyar gasar a zamanin Sabine. Agadas ta zama babban zango, inda ake hutu a gyara motoci, masu masauki da makanikai da masu sayar da kayan azurfa su yi ciniki na ’yan kwanaki. Sabine ya ƙulla abota da Mano Dayak, Ba’abzine mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, wanda ya taimaka wajen sanin hanyoyi da shirya zango.

A 1983 aka fara ratsa Tenere. Kalmar ta harshen Tamashek ce, ma’anarta hamada ko fili wayam, kamar dai yadda Sahara ta samo asali daga kalmar Larabci mai nufin hamada. A wannan shekara guguwar rairayi ta taso ta rufe ido, ’yan tsere kimanin 40 suka saki hanya. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu har aka gano su duka da rai. Wannan aiki ne ya kafa sunansa a wurin ’yan tsere, waɗanda suka saba ganinsa da fararen kaya yana yi musu bayanin hanya kowace asuba kafin a tashi.

Batun haɗurra

Tun a gasar farko aka yi rashi. Wani mahayin babur, Patrice Dodin, yana kan hanyarsa ta zuwa wurin tashi a zangon Agadas zuwa Tawa, sai ya kai hannu yana gyara hular kwanonsa babur na tafiya. Ya faɗi, kansa ya bugi dutse. An kai shi asibiti a Paris, can ya cika. Ba a cikin gudun tsere abin ya same shi ba, hular ce ba a ɗaure take ba.

Sabine ya ɗauki tsaron ’yan tsere da muhimmanci. Likitoci suna bin ayarin a motoci, jirage suna shawagi a sama, akwai kuma babbar mota a ƙarshen layi mai kwashe waɗanda suka maƙale. Sai dai duk wannan tanadi na waɗanda suka biya kuɗin shiga ne. Hanyar da ’yan tsere suke gudu a kanta ita ce hanyar kasuwa da ta rijiya ga mutanen wurin, kuma ƙurar mota ɗaya kan hana a ga ta bayanta. Yara sukan fito kallo da gudu. A 1982 mota ta kaɗe wani yaro a Mali ya mutu. A 1984 wata mata ta rasa ranta a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Jaridun Turai sukan kawo sunan ɗan tseren da ya mutu da hotonsa da tarihinsa, amma ɗan ƙauye sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa, shi ya sa ma lissafin waɗanda suka mutu a bakin hanya bai taɓa zama cikakke ba.

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da fari ya addabi yankin Sahel, suka ta ƙara ƙarfi. Ƙungiyoyi a Faransa suka haɗu ƙarƙashin sunan Pa’Dak suna neman a soke gasar, suna ganin rashin ta-ido ne a riƙa ƙona man miliyoyi a gaban mutanen da dabbobinsu ke mutuwa. Masu goyon baya kuma suna nuna kuɗin da ake kashewa a garuruwan zango. Martanin Sabine shi ne shirin kai famfunan ruwa ƙauyuka, wanda ya haɗa gwiwa a kansa da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda shi ma ya shiga tseren a 1983 da 1985. Famfunan sun amfani waɗanda suka samu, amma ba su rage gudun mota a tsakiyar gari ba.

Mutuwa

Ranar 14 ga watan Janairu, 1986, ayarin ya tashi daga Yamai zuwa Gourma-Rharous a Mali. Garin yana bakin kogin Neja, wato kogin da ke gangarowa ta Gao da Yamai da Gaya, ya bi iyakar Benin, ya shiga Najeriya ta yankin Bagudo a Jihar Kebbi. A harshen Songhai, gurma na nufin gaɓar dama ta kogin, gaɓar hagu kuma ana ce mata hausa.

Sabine ya tsaya a Gao don buɗe wasan ƙwallon ƙafa, abin da ya sa ya makara. Jirginsa ƙirar Écureuil ba shi da kayan tafiyar dare, ga iska mai ƙura ta taso. Bayan faɗuwar rana jirgin ya faɗi a kan rairayi, kimanin kilomita 8 kafin Gourma-Rharous. Duk mutum biyar da ke ciki suka mutu: Sabine, da Balavoine, da ’yar jarida Nathalie Odent, da ma’aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur, da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 24. Ba a dakatar da tseren ba, an ci gaba har Dakar.

An ƙona gawar Sabine, aka watsa tokar a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere, wadda ake kira da sunansa tun daga lokacin. Ana yawan rikita ta da sananniyar bishiyar Tenere, alhali waccan wata babbar mota ce ta banke ta a 1973, kuma gungumenta yana gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Bayan mutuwarsa

Mahaifinsa Gilbert ya karɓi ragamar kamfanin, kafin a sayar wa rukunin Amaury a farkon shekarun 1990. Gasar 1988 ta fi muni: an kaɗe wata yarinya ’yar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali, wata uwa da ’yarta kuma suka mutu a Muritaniya, har jaridar fadar Paparoma, L’Osservatore Romano, ta yi Allah wadai da tseren. Daga baya aka sanya iyakar gudu a cikin ƙauyuka, ana bin diddigi da na’urar GPS tare da hukunta wanda ya karya. Duk da haka, a 2006 an kaɗe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal.

A shekarar 2000 an soke zangunan Nijar saboda barazanar hari, aka kwashe ayarin da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya bayan kashe Faransawa huɗu ’yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 an yi ta a Kudancin Amurka, tun daga 2020 kuma ana yin ta a Saudiyya, har yanzu da sunan Dakar.