Theodor Langhans, likitan da ya fara bayyana sankarar saifa

An haifi Theodor Langhans a Usingen ta ƙasar Jamus a 1839. Aikinsa binciken tsokar da aka ciro daga jiki, kuma shekara 40 ya yi yana koyar da wannan fanni a Jami'ar Bern.

A 1879 ya bayyana sankarar da ke tasowa daga hanyoyin jinin saifa. Ba kasafai ake ganinta ba, amma tana da saurin yaɗuwa. Saifa takan kumbura, hagun ciki ya riƙa ciwo, cutar ta bazu zuwa hanta da huhu, jefi-jefi har ƙwaƙwalwa. Babban haɗarin shi ne saifar ta fashe, shi ya sa likitoci ke gaggauta cire ta.

Langhans ya rasu a Bern a 1915.