Tarihin Eglantyne Jebb, Matar Da Aka Ci Tara Don Ta Roƙa Wa 'Ya'yan Abokan Gāba Abinci

A cikin watan Mayu na 1919 aka gurfanar da wata Baturiya gaban alƙali a birnin Landan. Laifinta shi ne an kama ta a dandalin Tarafalga tana raba wa masu wucewa takardu ɗauke da hoton yaran ƙasar Ostiriya waɗanda yunwa ta mayar ƙashi da rai, alhali kuwa dokar lokacin yaƙi ta hana a buga irin waɗannan takardu sai da iznin gwamnati. Ba ta ɗauki lauya ba, ita ta kare kanta. Alƙali ya same ta da laifi ya ci ta tarar fam 5. Da aka tashi daga shari'a sai lauyan gwamnati da ya kai ta ƙara, Sir Archibald Bodkin, ya zaro fam 5 daga aljihunsa ya miƙa mata. Ba ta biya tara da su ba. Ta ce za ta sa su cikin asusun ciyar da yaran nan, suka zama cikin gudummawa ta farko da asusun ya samu. Sunan matar Eglantyne Jebb, asusun kuwa shi ne na Ceton Yara, wanda Turawa ke kira Save the Children.

An haife ta ran 25 ga Agusta 1876 a garin Ellesmere na ƙasar Ingila, a gidan masu hali da gonaki. Ta yi karatun tarihi a Jami'ar Okusfod tun daga 1895, zamanin da mace a jami'a abin kallo ce. Da ta gama sai ta ƙi zaman jin daɗi irin na 'ya'yan manya, ta tafi koyarwa a wata makarantar firamare ta 'ya'yan talakawa a garin Marlborough. Aikin bai karɓe ta ba. Shekara guda da 'yan watanni ta bari, ga rashin lafiya, ga shi kuma ta gane ba ta iya da hayaniyar yara. Wannan abin mamaki ne a tarihinta: ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ma ta cika son zama cikin yara ba, amma yaran da suka rayu ta dalilinta sun wuce lissafi.

Daga nan ta koma Kembirij wurin mahaifiyarta, ta shiga wata ƙungiya mai tsara yadda ake ba da sadaka, har ta rubuta littafi a 1906 a kan talaucin garin. A nan ta koyi darasin da ta riƙe har mutuwarta, wato sadakar da ba a tsara ba, ba a rubuta shigarta da fitarta ba, takan ƙare a hannun mai baki, mabuƙaci na can gefe yana kallo.

A 1913 ne ta fara ganin yaƙi da idonta. An gwabza tsakanin Daular Turkawa da ƙasashen yankin Balkan, mijin ƙanwarta kuma, Charles Buxton, yana cikin masu tara wa mutanen Masedoniya agaji. Aka aike ta da kuɗin. Ta iske 'yan gudun hijira jibge a birnin Monastir, da yawansu Musulmi ne da aka ƙone wa ƙauyuka, mata da tsofaffi da yara suna bin layi don kwanon miya. Masu ba da kuɗi a Ingila Kirista ne, waɗanda suka ci yaƙin ma Kirista ne, amma agajin bai tambayi addinin kowa ba. Ta dawo gida ta bi gari gari tana ba da labari, abin da ta tara bai taka kara ya karya ba, abin kuwa ya yi mata ciwo.

Sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Ingila ta sa jiragen ruwanta na yaƙi suka datse hanyar teku, don kada abinci ko kaya su shiga Jamus da ƙawayenta. An tsagaita wuta ran 11 ga Nuwamba 1918, amma ba a buɗe hanyar ba sai bayan da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a tsakiyar 1919. Cikin waɗannan watanni bindiga ta yi shiru, yunwa kuwa ta ci gaba da aikinta. A Biyana, babban birnin Ostiriya, madara ta yanke, iyaye mata ba su da nono, yara sun ƙanjame ƙafafu sun lanƙwashe, tarin fuka yana ta ɗibarsu. Ƙanwarta Dorothy Buxton ta daɗe tana fassara jaridun ƙasashen waje tana bugawa, saboda haka su biyun sun san abin da mutanen Ingila ba su sani ba, ko kuma ba su so su sani. Suka shiga wata ƙungiya mai neman a janye takunkumin, da suka ga maganar siyasa za ta ja lokaci yara kuwa ba su jira, sai suka ware asusu na musamman.

Ran 19 ga Mayu 1919, kwanaki kaɗan bayan shari'ar, suka kira taro a babban zauren Albert da ke Landan. Zauren ya cika maƙil, amma ba duka ne masoya ba. Waɗansu sun zo da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace don jifa. Ba a kuma ce ba su da hujja a ransu ba, gama da wuya a sami gida a Ingila da bai rasa ɗa ko miji ko ɗan'uwa a hannun Jamus ba, ga kuma mata biyu sun tashi suna cewa a ciyar da 'ya'yan Jamus ɗin. Eglantyne ta fara magana murya na rawa, sannan ta dake. Abin da ta kafa a kai shi ne jariri bai harbi kowa ba. Ba a yi jifan ba. Ƙungiyar ma'aikatan haƙar kwal, mutanen da su kansu ba su da yalwa, ta ba da fam 10,000. Cikin abin da aka fara yi da kuɗin har da sayen shanun tatsa daga Suwizalan aka kai Biyana, don saniya tana ba da madara kullum, gwangwani kuwa sau ɗaya ake buɗe shi.

Inda ta sha bamban da masu sadaka na zamaninta shi ne yadda ta bi da kuɗin. Ta ɗauko wani ɗan kasuwa, Lewis Golden, ta danƙa masa ofis don a tafiyar da shi kamar kamfani. Ta ɗauki ɗan jarida aiki, suka riƙa sayen shafi guda cur a jaridu suna buga hoto da roƙo. Masu kunya a cikin ƙungiyar suka ce wannan tallar sabulu ce, bai dace da aikin lada ba. Amma kowane fam da aka kashe a talla yana jawo ninkinsa, sai bakinsu ya mutu. A watan Disamba 1919 ta je wurin Fafaroma Benedict na 15, ko da yake ita ba 'yar ɗarikarsa ba ce. Ya ba da fam 25,000, ya kuma umarci coci-cocin Katolika na duniya su tara gudummawa ran 28 ga watan. A Janairu 1920 ta kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa a Janeba tare da goyon bayan Red Cross. Kafin Agusta 1921 asusun Ingila kaɗai ya tara fiye da fam miliyan ɗaya.

A shekarar nan ta 1921 jarrabawa mafi girma ta zo. Fari ya haɗu da ɓarnar yaƙin basasa da ƙwacen hatsi da hukuma ke yi, yunwa ta faɗa wa yankin kogin Bolga na Rasha, miliyoyi suka mutu. Rasha kuwa na hannun 'yan gurguzu, waɗanda Ingila ke ƙi kamar mutuwarta. Jaridar Daily Express ta taso wa asusun, ta ce an ƙara wa labarin gishiri, ta ce ga mayunwata a gida, ta ce abincin zai ƙare a cikin sojan gurguzu. Amsar da asusun ya bayar ita ce aika mai ɗaukar hoto, George Mewes, ya ɗauko fim na abin da ke faruwa aka nuna a gidajen silima. Aka yi shatar jirgin ruwa da tan 600 na abinci da magani. A lardin Saratov aka buɗe ɗakunan dafa abinci fiye da dubu, ma'aikatan asusun ke sa ido a kansu, yaro ya zo ya ci a wurin a gaban mai rubutu, ba a ba shi ya kai gida ba balle wani ya ƙwace. An ciyar da yara wajen 300,000. Kuɗin ciyar da yaro guda a yini kuwa ahu ne, wato kwabo ɗaya da rabi. Wannan lissafi ne ya sa lebura mai sule guda ya ga sulensa zai riƙe rai har mako.

Duk wanda ya zauna a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal a shekarun yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, ba baƙo ba ne ga wannan gardama. A nan ma an datse hanya, an ga hotunan yara masu kumburarren ciki a jaridun Turai, kuɗi ya kwararo, an kuma yi ta muhawara ko agaji yana ceton rai ne ko yana tsawaita yaƙi. Asusun da Eglantyne ta kafa yana cikin waɗanda suka aiko da likitoci da ma'aikatan jinya a lokacin.

Da yunwar Rasha ta lafa, gudummawa ta ja baya, kamar yadda takan yi da zarar hotuna sun daina fitowa. Sai ta ga ba za a dogara da tausayin mutane kaɗai ba, tun da yau yana nan gobe babu. Ta zauna ta tsara 'yar gajeriyar takarda mai sharuɗɗa biyar a kan haƙƙin yaro a wuyan manya: a ba shi abin da zai girma da shi jiki da ruhi, a ciyar da mai yunwa a yi jinyar mara lafiya a riƙe maraya, a fara da yaro wajen agaji in masifa ta auku, a koya masa sana'a a hana ci da guminsa, a kuma tarbiyyantar da shi ya amfani jama'a. Tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Janeba ta amince da ita ran 26 ga Satumba 1924. A kanta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora sanarwarta ta 1959, sannan yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991.

Ciwon maƙoƙo ya daɗe yana cinta, an yi mata aiki ba sau ɗaya ba, gashinta ya yi fari tun tana da sauran ƙuruciya. A ƙarshen rayuwarta hankalinta ya koma kan yaran Afirka da Asiya, amma taron da aka yi a Janeba kan yaran Afirka sai a 1931 ya yiwu, ba ta gan shi ba. Ta rasu a Janeba ran 17 ga Disamba 1928 tana da shekara 52, aka binne ta a can. A watan Fabrairu 2024 hukumar birnin ta mayar da ƙabarinta maƙabartar da ake binne manyan mutanen Janeba.