Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Tun tana ƙarama ta sauke Alƙur'ani, ta shiga karatun littattafai. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har da harshen Buzaye.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu, a 1804. Daga nan yaƙi ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A 1808 aka ci Alkalawa, babban birnin Gobirawa, wanda kufansa yake kusa da Sabon Birni har yau. Asma'u ta ga yunwa da gudun hijira da idonta. Bayan haka ta zauna a Sakkwato tare da mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yaƙi ya bar mata da yawa a warwatse cikin ƙauyuka. Waɗansu gwauraye ne, waɗansu kuma Gobirawa ne da aka kamo. Yawancinsu ba su san ko bihim ba. Asma'u ta ga ba dama ta kai ga kowace ɗaya, sai ta yi dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace ta zama jaji. Takan ba jaji malfa da jan rawani. A Gobir, malfa alamar Inna ce, wato shugabar mata ta gidan sarauta. Saboda haka duk macen da ta ga jaji da malfa, ta san ta ga shugaba.

Da rani jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata, su taka da ƙafa har gidan Asma'u. Su ne ake kira 'yan taru. Sukan haddace waƙoƙin da ta tsara a kan salla da azumi da gaskiya da taimakon marasa lafiya, sa'an nan su koma gida su koya wa matan aure. Ta bar rubuce-rubuce kimanin sittin. Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, yara, in kun je Sakkwato za ku bi titin Ahmadu Bello, da na Abdullahi Fodiyo, da na Sarkin Musulmi Abubakar. Duk sun cancanta. Amma titunan da ke ɗauke da sunan mata kaɗan ne ƙwarai a biranenmu. Sunan titi kuwa darasi ne, domin yaron da ya karanta shi kullum zai tambayi ko wane ne mai sunan. Wanda ba a ambatonsa, sannu a hankali sai a manta da shi. Ku tambayi kakanninku a Isa da Sabon Birni sunayen matan da suka karantar da su, ku rubuta su a littattafanku, kada su ɓace.