Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen masanin taurari da ya rasu a Alkahira

A shekarar 1741 ne Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Kashinawi ya rasu a Alkahira, a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Shi malamin ya bar wa littattafansa, kuma ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, ya saka tarihinsa cikin na manyan malaman Masar.

Mutumin ƙasar Katsina ne. Aikin hajji ya kai shi gabas, bai sake dawowa gida ba.

A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ kan lissafin hatimi, irin wanda malaman zaure ke zanawa har yau daga Katsina zuwa Gaya. Malaman zamaninsa na ƙirga taurari bakwai masu yawo, har da rana da wata, kowanne da hatiminsa. Na Zuhal gida uku-uku ne, kowane layi jimillarsa 15. Na Zara matar wata bakwai-bakwai ne, jimilla 175.

A lokacin ba a raba ilimin falaki da duba ba, kuma littafinsa Durrul Manzum ya shiga sihiri da tasirin taurari, fannin da malamai da dama ke ƙyama. Lissafin dai bai tsufa ba, ko da yake adadin ya sauya: shekara 40 bayan rasuwarsa, William Herschel ya hango Yuranus da madubin hangen nesa a Ingila.